Ƙoƙon Hansai

Wata bakwai rabona da lalle.
Gemu ya koma audugar rimi,
har mai shayin Ƙofar Marusa,
wanda da kaɗan na girme shi,
ya fara ce mini Baba.

Da can ban san yadda ake yi ba.
Nawa dai, daren Juma'a in hau turmi a kife,
in ɗaga haɓa kamar mai jiran wanzami,
Hansai ta fito da ƙoƙo tana mita:
"Ban da magana, ban da dariya,
in ya ɗiga a riga kai za ka wanke."
Shekara goma sha tara ina rufe baki,
ashe har da ido nake rufewa.

Ran Laraba na je wurin mai kayan ƙamshi.
Na ce a auno mini lalle. Ya ce, "Da me?"
Na ce, "Da me kuma?"
Ya girgiza kai, ya ƙulla mini kanumfari,
da zoɓorodo, da bagaruwa, da ɗan garin baba,
ya ce tsamiya kam ba a rasa ta a gida.
Ban gaya masa ba,
gidana yanzu har gishiri ɓata yake.

Kwaɓin farko na yi gaggawa.
Gemu ya fito kamar an tsoma shi a manja,
daga sahun gaba ina jin yara
suna haɗiye dariya da ƙyar.
Na biyu na zuba baba da hannun mai fushi,
na wayi gari da gansakuka a haɓa.
Kwana uku, ni da ban saba rawani ba,
ina jan amawali har hanci.

Barira ta kira daga Funtuwa:
"Baba, ka sayi na kwali mana,
minti goma ya yi baƙi wuluk."
Na ce to.
Ba baƙi nake nema ba.
Akwai wani ja mai duhu, irin na dabino in ya kwana biyu a tasa,
shi na sani a fuskata.

Jiya ina neman rariya bayan randa
sai ga ƙoƙon, a kife, gizo ya yi masa mayafi.
Na goge shi da bakin riga.
A ciki zobe uku ne, lalle ya zana da kansa:
na ƙasa baƙi-baƙi, iyakar ruwan kanumfari ke nan,
na tsakiya inda gari ke tsayawa,
na sama ɗan siriri,
inda kwaɓi ke kaiwa in ya kwana a rufe.
A gefen baki kuma, inda ake riƙewa,
babban yatsanta ya ci ƙoƙon har ya yi santsi.

Ba ta yi boko ba, ba ta bar wasiyya ba.
Wannan ta bari.

Na tafasa, na tace, na tsaya a zoben farko.
Na barbaɗa gari zuwa na biyu.
Tsamiya na ɗiga kaɗan, don nan ba ta bar alama ba.
Na rufe da faifai, na ba shi dare guda,
da asuba ya kai na uku, bai wuce ba.

Na hau turmin, na shafa da kaina.
Ba wanda ya hana ni magana,
amma ban yi ba.

Da hantsi na wanke. Bai kai nata ba,
ya dai kama hanya.
Sai da na zo alwalar azahar na lura da hannuna:
yatsu uku na dama sun yi ja har gaɓa ta biyu.
Haka nata suke, rani da damina,
uku kacal, na dama.
Duk shekarun nan
na ɗauka kwalliya take yi.